Shirun da ke Cikin Minsharin Baba

Minsharin Baba sananne ne a unguwarmu a Lambara. Idan ya dawo daga lambun albasa ya yi azahar, sai ya miƙe a rumfa ya kama ja kamar injin ban ruwa. Mu dariya muke yi. Innarmu ba ta yi, don ita shirun take saurare. Yana cikin ja sai ya ɗauke ɗif, ƙirjinsa ya tsaya, ita ma ta tsayar da abin da take yi har sai ya fizgo numfashin da ƙarfi.

Da na girma na kama ɗinki a Shagari, na matsa muka kai shi wurin wani likita a Bodinga. Likita ya saurari bayanin Inna, ya ce, "Afniya ce."

Fuskar Inna ta washe. "Lahiya yac ce? Alhamdu lillahi!" Har ta fara gyara mayafi za ta tashi.

Likita ya ce a'a, kalmar Girkawa ce: "a" ɗin farko na nufin babu, sauran kuma numfashi. Maƙogwaro ne ke toshewa cikin barci, zuciya tana shan wahala. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a hanci, amma sai da lantarki, mu kuwa turakun wutar kawai muke da su.

"Babu lumhwashi?" in ji Inna. "Likita, mu nan wanga abu mutuwa mu ka ce mai."

Baba ya yi dariya. "To, kullum ina mutuwa ina tashi. Mi ad damuwa?"

Tun daga ranar na tsani kalmar nan. Babu inda ta ce numfashin zai dawo.

Wata bazara aka kira ni ina kan keken ɗinki. Na tarar zaure cike da maza, masu haƙan kabari har sun gama. Baba na kwance a rumfa tun azahar, Inna na zaune gefensa, ta hana a rufe masa fuska. Ni ne babba, ni aka tura. Na durƙusa, na ce, "Inna, la'asar ta wuce. A bari a yi mishi wanka."

Ba ta dube ni ba, idonta na kan ƙirjinsa.

"Kai, yi kurum," ta ce. "Ba ka san shi ba awa ni. Wani bi shina daɗewa."