Yatsa Uku na Maiƙo

"To in ka kwashe, wannan ruwan daga ina ya fito? Daga sama?" in ji babban kuku, yana nuna ƙasan kicin inda ruwan wanke-wanke ya dawo ya malale, baƙi ƙirin, sai wari.

"Sati biyu ke nan da na kwashe," in ji Mai Ludayi. "Ɗaga ƙafarka daga kan murfin in duba."

"Duba da hanci mana. Ai nan ka fi gwaninta."

Masu yankan albasa suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Mai Ludayi kawuna ne, kuma daga bakinsa na ji wannan. Shekara ashirin da uku yana kwashe ramin maiƙo a gidajen abinci. Kowane babban kicin yana da irin wannan rami a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ruwa ya shiga ya huce, maiƙo ya taso sama ya daskare, ruwan ya wuce bututu shi kaɗai. Kayan aikinsa dogon ludayi, durom biyu a kan kura, da wata sanda da yake auna kaurin maiƙo. Ta ƙofar baya yake shiga ko'ina, kuma ba wanda ke miƙa masa hannu.

Babban kukun nan kuwa ƙanin matarsa ne. A ɗakin kawu ya kwana shekara huɗu, kawu ne ya roƙar masa aikin wanke tukwane a gidan abincin nan. Tun da ya sa farar hula, bai ƙara kiransa yaya a gaban mutane ba.

Manaja ta shigo tana ɗage zaninta daga ruwan. "Malam, masu motar zuƙe maiƙo sun daɗe suna neman in ba su aikin nan. In sakacinka ne, yau ce ranarka ta ƙarshe a nan."

Kawu ya san abin ba zai tsaya nan ba. Sauran kicin takwas da yake yi wa aiki duk ta bakin matar nan suka san shi.

Ya ɗaga murfin. Ramin fes, sai ɗan kumfa a gefe. Ya tsoma sandar, ta fito ba komai.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe?" in ji kuku. "Ba ya kwashewa, cikin bututu yake turawa don ya huta."

Kawu ya durƙusa. Ya cire safar hannu ya dafa bangon ramin. Da ɗumi. Ya shinshina yatsunsa, sannan ya matsa kusa da kuku ya rage murya.

"Ƙanina, ka faɗa mata da bakinka. Zai fi maka sauƙi."

"Wa ne ƙaninka?" Kuku ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Warin da yayata take haƙuri da shi bai isa ba, sai ka shafa mini?"

Kawu ya ce a nan ne zuciyarsa ta bushe. Ya juya wajen manaja, ya nuna mata wani tsagi a jikin sandar.

"Wannan na gidan nan ne. Duk sati biyu maiƙonku yatsa uku yake kaiwa, shekara tara bai taɓa saɓawa ba. Yau babu ko ɗaya. Ramin da ke aiki sanyi yake yi, wannan kuwa taɓa ki ji. Wani yana juye tafasasshen ruwa da soda a ciki. Maiƙon ya narke ya wuce, ya je can cikin bututu ya daskare."

Manaja ta dubi masu wanke-wanke ɗaya bayan ɗaya. Babbarsu ta kai ido kan ƙatuwar tukunyar da ke kusurwa, da buhun soda a bayanta.

"Don kada ya riƙa wari ne," in ji kuku. "Kuma don a rage masa zarya a nan."

"Cire hular," in ji manaja, tana duban kuku. "Kai za ka riƙe masa wayar zurawa har bututun ya buɗe. Maganarka kuma sai an tashi."

Awa biyu suna durƙushe kafaɗa da kafaɗa, suna zura waya suna jawo dunƙulen maiƙo fari kamar sabulu, ba wanda ya dubi wani. Da ruwan ya wuce, manaja ta ce wa kawu ya dawo bayan sati biyu kamar kullum.

Kuku ya goge hannu a wando. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana. Yaya kuma za ta ji."

"Ni zan fara faɗa mata," in ji kawu.

Ya ɗauraye sandar, ya ɗaure durom, ya tura kurarsa ta ƙofar baya. Kicin ɗin makarantar kwana na jiransa kafin azahar.