Rigar Sanyin Ɗawari

Tun da aka halicci ɗan Adam, ba yunwa ko takobi ne suka fi raba kan mutane ba, tufafi ne. Na karantar da tarihi shekaru a Kano kafin in zama tafinta a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Utaibiyya da ke Makka, amma ban fahimci wannan ba sai a hunturun korona.

Masu asibitin suna da rassa har arewacin ƙasar, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Takarda ɗaya suka aiko wa kowa: a shirya wa hunturu, mura za ta haɗu da korona. A kafa tanti a waje don masu tari, a cika tulunan iskar numfashi, a auna zafin duk mai shigowa. Ni na jera kujerun tantin nan da tazara, ni na rubuta sanarwa da Hausa, har da waƙafi a inda ya dace.

Tare da takardar aka aiko rigar sanyi guda ɗaya. Shuɗiya, mai kauri, da zanen da ke ƙyalli a kafaɗa, an rubuta "Ɗawari" a baya, wato agajin gaggawa. Likita ya miƙa wa direban motar ɗaukar marasa lafiya, wani Bahaushe haifaffen unguwar Tandabawi a nan Makka, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cin tuwo ba.

Ban yi hassada ba. Na dai lura cewa hannun rigar ya yi masa tsawo, kuma launin bai karɓe shi ba. Na lura da hakan kullum, har mako uku.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yata da ke gida tana gaya wa ƙawayenta babanta na cikin masu yaƙi da annoba a Makka. Ta roƙi hoto. Wane hoto zan tura? Dattijo da jallabiya yana nuna wa tsofaffi kujera? Shi kuwa direba, tsofaffin matan unguwa sun fara kiransa daktur, wato likita. Ni da na san tarihin annobar da ta ci rabin Turai, ba wanda ya kira ni komai.

Wata rana da hantsi direban ya same ni a bakin ƙofa, gumi na bin takunkuminsa, ya yi mini magana da Larabci.

"Ya ustaz, kullum kana duba riga. Kana so?"

"Ni? Ɗinkin nake nazari."

"Wallahi karɓi. Zafi zai kashe ni. Wannan bard, wai sanyin Makka, fanka muke kunnawa!"

Na ce zan riƙe masa amana kawai. Na saka, na ja zif har wuya, na tsaya a rana gefen motarsa. Ya ɗauke ni hoto, na ce a sake, inuwa ta rufe rubutun. Ya sake. Na ce a ɗauko ta baya. Muka kai kusan azahar a haka, yana dariya yana cewa, "Halas, shi ke nan, ya ammi, baffana, ka zama daktur."

Na nufi ciki da tafiyar ƙasaita. Nas ɗin da ke ƙofa ta ɗora mini na'urar auna zafi a goshi, kamar yadda takarda ta ce. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Na fara bayani da Larabcin littafi, ta nuna mini hanya da yatsa.

Ni ne mutum na farko da aka zaunar a tantin.