Fentin Yunis Ba Ya Gogewa

Duk matar da ta taɓa kai abinci gidan biki a Dayi ta san takaicin kwanon da ya tafi bai dawo ba. Shi ya sa mata ke kai kwanukansu kasuwa a rubuta musu suna a gindi da fenti. Da wannan sana'a Yunis ya so ya riƙe gidansa, tunda ya koyi rubutu a makarantar mishan, noman auduga kuma ya ishe shi.

Ya tarar da wani mai suna Aƙilu ya daɗe yana yi shi kaɗai, yana yanka kuɗi yadda ya ga dama. Da suka zama biyu, Sarkin Kasuwa ya kira su ya ce ba ya son rigima, farashi ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Bawan Allah Yunis har da godiya.

Ba wanda ya tuna da maganar fenti. Aƙilu yana tsinka nasa da kananzir, kafin shekara ta zagayo suna ya goge, mata su dawo a sabunta. Yunis kuwa sai ya tafi har Funtuwa ya sayo fentin mota mai tsada. Shekarar farko ko ruwa ba ya samun sukunin sha. Ta biyu ya zauna yana korar ƙuda, don kwanon da ya rubuta ko da toka aka dirje shi sunan na nan daram.

Ya koma wurin Sarkin Kasuwa. "Ranka ya daɗe, nawa aikin sau ɗaya ne an gama. A bar ni in ƙara ko kaɗan."

"Malam Yunis, suna ai suna ne. In na bar ka, gobe Aƙilu zai zo."

Haushi kamar ya kashe shi. Matarsa Jane ta ce, "Maigida, ga kananzir fa a ɗaki." Ya yi tsaki, ya ce shi ba zai cuci mata ba. Da damina ta faɗi ya rufe rumfa ya ɗauki fartanya.

Ba a yi wata ba Aƙilu ya ninka kuɗi. Sarkin Kasuwa ya ce dokar ta mutum biyu ce, yanzu wa zai yi rigima da wa?

Dab da Kirsimeti Jane ta sayo sabon kwano. Yunis ya jawo gwangwaninsa daga ƙarƙashin gado, ya tarar fentin ya bushe kamar dutse. Jane ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki kwanon, ta nufi rumfar Aƙilu.