Baba Ilu Ba Ya Cin Salaf

Duk wanda ya taɓa loda kaya a bakin ruwan Deira ya san Baba Ilu, ɗan dakon nan mai tafiya hannu a baya. Ka miƙa masa shayi kafin ya ɗaga maka kwali, sai ya zabura kamar ka miƙo kunama.

"Salaf ne? Ba na ci!"

Salaf shi ne kafin alƙalamin ma'aikatan jirgin ruwa a da. Yana saurayi guzurin hajji ya ƙare masa a gaɓar teku. Dillali ya kai shi gun mai jirgi, aka zube masa kuɗin wata uku, ya dangwala yatsa. Jirgi bai tashi ba dillali ya zare nasa, mai masauki ya zare nasa.

Ya ce min, "Sauran na sayi takalmi, Sani, teku ta cinye ƙafa ɗaya."

Kowace tafiya sabon salaf a kan tsoho, shekara ashirin! Na rantse har kifayen Maliya sun san bashinsa.

Ranar da na nuna masa katin shiga jirgin ƙasa na metro a tashar Al Rigga, ya ji sai ka zuba kuɗi tukuna, dariya har da hawaye.

"Yau ni na ba jirgi salaf! Yalla, tashi mu je, bawana!"

Da tari ya kama shi, ba ya zancen kowa sai ƙanwarsa Hajara a Zinder, ita kaɗai ta rage masa. Mu masu loda kaya muka haɗa masa kuɗin tikitin komawa gida, ya ƙi. Sai na yi dabara.

"Baba, tsare min sito kwana talatin, tikitin ladanka ne."

Ya yarda, yana zana kwanaki a bango da alli. Jikinsa na ta zubewa. Wata safiya na ce, "Khalas, wata ya cika."

"Maƙaryaci! Ashirin da bakwai."

"Haba Baba, kwana uku fa!"

"Wata uku aka ce min wancan karon."

Ranar da ya rasu, layi ashirin da tara muka ƙirga a bangon. Na aika wa Hajara kuɗin, har da na kwana ɗayan da bai yi ba. Ina fata ya yafe min wannan salaf ɗin.

Allah, bawanKa ya gama aiki bai karɓi komai a gaba ba. Ka biya shi cikakke, ba dillali a tsakani. Amin.