Gandar Bakin Matata

Motar da ta kife da mu tsakanin Bakori da Funtuwa ta zubar mini da haƙora huɗu na sama, matata kuma biyar. Lokacin ina malamin awo a kasuwar auduga.

Da raunukan suka warke, aka gwada bakinmu rana ɗaya, aka yi mana haƙoran roba, irin masu faranti da ke kwanciya a ganda, wato rufin baki. Mai haɗa haƙoran ya ce a sa kullum, a cire lokacin barci, a wanke. Ya ce da farko za a ji ba daɗi, amma baki zai saba. Na rubuta a bayan littafin awo.

Nawa ya zauna cikin mako biyu. Har gasasshiyar masara na ci a shekarar.

Ita kuwa ta kawo mini kuka sau uku. Na farko na ce ta yi haƙuri. Na biyu na karanta mata abin da na rubuta. Na uku muna cin tuwo, ta ajiye loma ta ce, "Baban yara, kamar kan ƙusa nake taunawa."

Na ce, "Mota ɗaya, likita ɗaya, roba ɗaya. Nawa bai yi ciwo ba. Raki ne kawai."

Ba ta sake kawo kukan ba. Ta ci gaba da sawa. Ta bar tuwo ta koma kunu, ta daina ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Na ga ta rame, na ɗora wa aikin gona laifi.

Bayan wata bakwai ƙarfen da ke riƙe farantina ya karye, muka koma, na tafi da ita don mai haɗa haƙoran ya ga yadda muka bi ƙa'ida. Ya duba bakinta. Ya sa na wanke hannu, na danna gandata da yatsa. Na ji tsoka mai taushi. Sannan ya ce in taɓa tata. Ƙashi na ji, da 'yar fata a kansa, ga miki ya bi gefen da farantin ke zama.

Ya ce dukanmu lafiyarmu ƙalau. Haka Allah ya yi mutane, wani gandarsa da dasashinsa masu kauri ne, wani marasa kauri, ko a baki ɗaya ma tsakiya ba ta kai gefe kauri ba. Ya ce da tun makon farko na kawo ta. Ya goge farantinta daga ciki, ya rage inda ke danna mata. Aikin bai kai lokacin auna buhu biyu ba.

A hanya na ce ai da ta matsa mini. Ta ce ta faɗa, ta juya tana kallon gonaki.

Ta koma cin tuwo, ta koma waƙa. Amma daga nan ba ta ƙara gaya mini wani wuri yana mata ciwo ba, ko ciwon kai. Bayan shekara tara ƙanwarta ta zo daga Malumfashi, ta same ni a wurin aiki, ta ce akwai ƙari a nonon yayarta, ya fi shekara, kuma ita kaɗai aka gaya wa. Muka kai ta asibiti, aka ce an makara.

Na zauna bakin gadonta na roƙe ta ta gaya mini inda ke ciwo. Ta dafa hannuna ta ce, "Babu komai, Malam. Je ka ci abinci."

Ta rasu kafin a yanke dawa.