Kusurwar da na gyara wa Inna

A Zongo ba a san gidanmu da kyan gini ba, da kusurwar Inna aka san shi. Can gabas da tsakar gida, kusa da inda muke alwala, mahaifiyata tana da ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Lalle na jikin katanga, zogale ya ɗara shi tsawo, a ƙarƙashinsu kuma yakuwa da lalo da ɗoɗɗoya sun cakuɗe, wasu a ƙasa, wasu a fasasshiyar randa da tsohuwar tayar moto. Ban taɓa ganin ta ɗebi ruwa musamman dominsu ba. Ruwan alwala da wanda aka wanke shinkafa su ke gangarawa can, shi ke nan.

Gwiwoyin Inna sun daɗe da hana ta yawo, amma labarin unguwa bai taɓa wuce ta ba. Daga hantsi mata ke shigowa. Wannan za a sa wa 'yarta lalle, waccan mai jego ce tana son zogale, ga maƙwabciyarmu 'yar Mosi mai sayar da tuwo, wadda kullum sai ta leƙo neman yakuwa, tana kiranta bito da harshensu. Inna ba ta bayarwa da sauri. Sai ta ce, "Zamna tukuna, ganyen ba ya gudu." Kafin a tsinko hannu guda an yi hirar awa ɗaya, an sasanta wata da mijinta, an yi dariyar wata.

Ni kuwa kunyar wurin nake ji. Na yi lakwal, wato boko, ina aiki a ofishin wata masana'anta a unguwar Kossodo, ina ganin gidan mutum irina bai kamata ya yi kama da bayan kasuwa ba. Ana haka aka kawo wani masani ya tsara mana furannin ƙofar ma'aikata. Ya yi mana bayani mai daɗi a kan tsirrai da suka dace da juna, masu jure rani, waɗanda ba sa cin ruwa kuma ba sa wahalar da mai su. Na dawo gida kaina ya cika. Na sami takarda da biro kala uku na zana fili: dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, gajeru a gaba, ja yana bin fari. Har sunayen Faransanci na rubuta a gefe don abin ya yi kwarjini.

Sai ƙanwata ta haihu a unguwar Wemtenga, aka ɗauki Inna a taksi ta je zaman jego na kwana arba'in. Ni da nake wayo na ce ga dama ta samu, bari in yi mata bazata.

Na shiga tumɓuke shuke-shukenta, har da zogalen. Yakuwa da lalo ba su yi gardama ba. Lallen ne ya ba ni wuya, don saiwarsa ta shige ƙarƙashin katanga, sai da na yi kwana biyu da gatari. Na tafi wurin masu sayar da dashe a bakin baraji, wato madatsar ruwa, na zaɓo kariya, da tinya, da wata mai ƙaya da jan fure kamar takarda da suke kira bugambiliya. Mai dashen ya ce, "Maigida, waɗannan ko ka manta da su wata biyu ba ruwansu. Ko akuya ba ta taɓa su." Na ji daɗin maganar ƙwarai. Na kewaye filin da bulo, na shafa farin fenti, na zuba tsakuwa.

Ranar da Inna ta dawo na tsaya a gefe ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, tana dogare da sandarta.

Ta ce, "Sannu da aiki. To, wanne ake ci?"

Na ce, "Inna, ba a ci. Kallo ake yi."

"Wanne ake jiƙawa a sha?"

"A'a, kada ma a gwada. Kariya guba ce."

Ta gyaɗa kai. "Madalla. Allah shi yi ma albarka, ɗan lakwal." Ta shige ɗaki. Ni kuma na ɗauka ta yaba.

Matan ba su ɗauke ƙafa rana ɗaya ba. Sun zo barka da dawowa, sun tafa hannu sun ce wurin ya yi kyau kamar otel. Amma macen da ke da tukunya a wuta da ciniki a ƙofa ba ta fita hira haka kawai, sai da dalilin da za ta faɗa a gida. Dalilin nan ne na sare da gatari. A hankali suka koma wani gida bayan masallaci inda ake da zogale. Mai tuwo ta fi kowa daɗewa, takan leƙo ta ce, "Yaaba, lahiya?" wato kaka da harshensu, ta wuce ba ta zauna ba.

Ban lura ba sai da na sami hutun sati biyu. Kowane hantsi Inna takan fito da tabarma da kujera 'yar tsuguno ta baƙo, ta zauna tana jan carbi, idonta a ƙofa. In aka yi sallama ta ɗago da sauri, sai ya zama mai karanta mitar ruwa ne. Da azahar ta naɗe tabarmar. Zuciyata ta ɓaci, amma girman kai bai bar ni na ce na yi kuskure ba. Sai na daina ba furannin ruwa, ina fatan su mutu in sami hanyar janyewa ba tare da kunya ba. Ina! Masanin nan bai yi ƙarya ba. Rani ya yi rani, kariya ta ƙara fure, bugambiliya ta haye katanga har maƙwabta na samun rabonsu.

Daga ƙarshe na durƙusa gabanta na ce zan tumɓuke su duka in mayar mata da kayanta.

Ta ce, "Bar su, su ma rai gare su. Lalle sai ya shekara uku kafin ya ishi amarya guda. Kuma ƙafa in ta saba da wata hanya ba ta dawowa don an kira ta."

Duk da haka na shuka yakuwa a tsohon baho. Ta fito kore shar. Na ce bari in gaya wa mai tuwo, Inna ta hana. Ta ce ita ba ta taɓa roƙon baƙi ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Yakuwar ta tsufa a bahon, mu kaɗai muka ci abin da muka iya.

Damina ta biyu bayan haka Inna ta rasu. Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata har babu wurin taka ƙafa. Wata surukarmu daga unguwar Dassasgho, wadda ba ta san yadda wurin yake a da ba, ta tare ni bayan addu'a. Ta ce ba ta taɓa ganin furanni masu kyau haka a Zongo ba, lallai marigayiya ta ji daɗin zama kusa da su. Ta roƙi in yanka mata reshe ɗaya, ta tambaye ni wa ke kula da su.

Na ce mata ba kowa, ba sa bukatar mutum. Na yanka mata reshen, na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa na yi kuka.