Filashin Malam Bobbo da Hoton Dada

Akwai ranakun aiki da suka shige mini ba tare da na riƙe komai a cikinsu ba, amma ranar da Malam Bobbo tela ya shigo ofishinmu na unguwar Karewa ba ta cikinsu. Kafin in ba ku labarin, ya kamata ku sababbin ma'aikata ku san wanda kuke zaune da shi. A wancan zamani, daga bakin gadar Jimeta har cikin garin Yola, babu filashin da ya taɓa yi mini gardama. Da filashi ya ji takun takalmina a bakin get, kafin in zauna ya buɗe kansa. Da bakina na faɗa a gaban kowa cewa filashin da zai gagari Injiniya Njidda ba a ƙera shi ba tukuna. Injiniyan ma ni na raɗa wa kaina. Jami'in kwamfuta aka ɗauke ni.

Ƙarshen shekarar 2014 ne, lokacin da 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika suka cika garin nan. Kowane gida ya zama masauki, wanda ke da ɗaki biyu ya ba da ɗaya. Mu ƙaramar ƙungiyar agaji ce, muna rabon hatsi da tabarmi da magani. Shugabarmu Hajiya Asta, wadda kowa ke kira Adda Asta, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ba ta san komai a kwamfuta ba sai inda ake kunnawa. Ni ne mai kula da tsofaffin kwamfutocin da aka ba mu sadaka, da firinta guda mai tari kamar tsohon janareto.

Da na zo, bairos ya gama cinye kwamfutocin, saboda kowa sai ya kawo filashinsa daga shagunan buga takardu ya soka. Sai na share su duka na sa musu Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, kowa yana iya duba cikinsa ya gyara. A wannan tsarin, idan ka soka filashi, kwamfuta za ta gane baƙo ya zo, ta ba shi wurin zama, sannan ta nuna maka shi a allo ka shiga. Wannan ba da wurin zaman shi muke kira mawuntin. A ka'ida da kanta take yi, ba sai ka ce mata komai ba.

Malam Bobbo ya zo da hantsi, dogo ne siriri, ƙafafunsa duk sun faffashe. Ba hatsi ya zo nema ba. Ya gaya wa Adda Asta cewa a ranar gudu daga Mubi ya rabu da mahaifiyarsa a hanyar daji, wata mota ta ɗauki tsofaffi ta yi gaba, har yau bai san inda aka sauke su ba. Ya zaga sansanoni da masallatai da coci-coci. Matsalar ita ce tsohuwar ba ta ji sosai, Fillanci kawai take yi, kuma duk wanda ya tambayi sunanta sai ta ce Dada, wato uwa. A Adamawa kuwa, idan ka tsaya a kasuwa ka ce Dada, rabin matan kasuwar za su waiwayo. Hoto yake bukata ya nuna wa mutane.

Hoton nata guda ɗaya ne a duniya, na bikin 'yarsa. Da safen ranar gudun ya je wurin mai hoto karɓar hotunan, ana cikin tura masa su a filashi harbi ya tashi. Mai hoton ya fizge filashin daga kwamfuta ya cusa masa a hannu, kowa ya kama gabansa. A hanya, gudun kada a tsare shi a shingen bincike a ce me ke ciki, ya ɗinke filashin a cikin ƙugun wandonsa. Tela ne, allura ba ta barin hularsa. Da ya iso Jimeta ya kai shi shago biyu. Na farko suka ce ba sa soka filashin baƙo. Na biyu ya soka, ya ce sai an yi fomatin. Da Malam Bobbo ya ji fomatin yana nufin sharewa, sai ya karɓi abinsa ya mayar cikin wando.

A gabanmu ya juya baya ya warware ɗinkin da reza. Na karɓa ina murmushi, na ce masa ya zauna, kafin ya gama shan ruwa zai ga Dada. Na soka a gaban kwamfuta. Shiru. Na cire na hura masa iska na mayar. Shiru. Malam Bobbo ya gama shan ruwa, ya ajiye kofi, yana kallona.

Sai na buɗe baƙin allo, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Wannan allon shi ne makamina, da mutane sun ga rubutu yana gudu a kai suke ja da baya. Na rubuta dmesg, umarnin da ke nuna abin da kwamfuta ta gani ya shige ta. Ta nuna filashin yana zuwa yana ɓacewa. Na gane ramin gaba ne ya saki, saboda yawan sokawa da fizgewa. Na durƙusa da tumbina na shiga ƙarƙashin tebur na soka shi a ramin baya, na fito da yanar gizo-gizo a gemu. Na rubuta lsblk, wanda ke jera duk ma'ajiyar da ke jikin kwamfuta, sai ga shi ya fito. Na ɗaga hannu na ce an gama.

Ba a gama ba. Kwamfuta ta ga baƙon amma ta ƙi ba shi wurin zama. Na umarce ta da hannu, sai ta ba ni amsa da dogon Turanci. Ma'anarsa ita ce an cire wannan filashi ana tsakiyar rubutu a kansa, ba a sallame shi ba, don haka ba za ta buɗe shi ba, kada ta ƙara ɓata abin da ke ciki. Wato abin da ya faru a shagon mai hoto a Mubi, filashin yana riƙe da shi.

Zufa ta fara keto mini, irin wadda za a iya wanke keke da ita. Na san akwai umarnin gyara na ƙarfi, wanda zai shiga cikin filashin ya daidaita shi ko yana so ko ba ya so. Na taɓa yi a kan filashin waƙoƙina ya yi. Na rubuta shi, yatsana na kan maɓalli, sai Adda Asta da ke tsaye a bayana ta tambaye ni abin da zan yi. Na yi mata bayani mai tsawo da manyan kalmomi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Njidda, abu ɗaya nake tambaya. In ka yi bai yi ba, za ka iya mayar da shi yadda ya zo?"

Na ce a gaskiya, yawanci, galibi, ba a samun matsala.

"Za ka iya mayarwa?"

Na ce a'a.

"To ɗauke hannunka. Mu a asibiti ba ma yanka mutum don mu ga abin da ke damunsa. Tashi ku je ku yi azahar."

Na tashi raina a ɓace, don a gaban baƙo aka yi mini. A masallaci Malam Bobbo yana gefena, na ji abin da yake roƙo a sujada, sai fushin ya fita. Da muka dawo na haɗa modem na shiga dandalin da masu amfani da Linux ke taimakon juna. Na kwafi Turancin nan na nema. Sai ga wani da ya taɓa yin irin tambayar shekaru da suka wuce, wani kuma ya ba shi amsa, ba suna ba gari, sai laƙabi da hoton kyanwa. Ya ce idan abin da ke ciki yana da muhimmanci kada a gyara komai tukuna. A buɗe shi don karantawa kawai, a kwashe kayan, gyara ya biyo baya. Abin da za a ƙara a umarnin mawuntin haruffa biyu ne, ro, wato a duba amma kada a rubuta.

Na ƙara su na danna. Filashin ya buɗe kamar bai taɓa yin gardama ba. Na kwashe komai na zuba a kwamfuta kafin in yi numfashi. Hotuna da yawa sun lalace, wasu rabi mutum rabi toka, wasu ba su buɗe ba sam. Muna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai Malam Bobbo ya ɗora yatsa a kan allo. Ga ta nan a gefen amarya, 'yar ƙaramar tsohuwa da mayafi, ta ɗaure fuska kamar mai hoton ya ci mata bashi. Adda Asta ta fita waje, wai za ta duba masu rabon hatsi.

Na yanko fuskar na ƙara mata girma. Tawadar firinta ta kusa ƙarewa, sai da na ciro kwalbar na girgiza ta kamar mai kaɗa nono, kuma baƙi da fari kawai take bugawa. Muka buga da yawa, muka sa lambar wayar ofis a ƙasa. Adda Asta ce ta ce kada a tsaya manna su a bango, a ba masu keke napep su manna a baya, tunda babu lungun da keke ba ya shiga.

Bayan 'yan makonni wata mai sayar da koko a unguwar Bekaji ta ga hoton a bayan keke, ta tsayar da shi ta kira mu. Tsohuwar tana gidan maƙwabtan mai kokon tun zuwanta, suna ci da ita suna sha, ba su san wanda za su nema ba.

Daga baya na gwada gyaran ƙarfin nan a kan filashin, bayan an kwashe komai. Ba zan gaya muku ya lalata ko bai lalata ba, don ba shi ne darasin ba. Abin da na koya shi ne, idan kwamfuta ta ƙi buɗe abu, ku karanta dalilinta kafin ku nuna mata ƙarfi, kuma kayan da ba su da na biyu a kwashe su kafin a gyara. Har gobe ina gode wa Adda Asta da ta riƙe mini hannu, da mai hoton kyanwar nan da ya zauna ya amsa tambayar wanda bai sani ba, da mutanen da suka gina tsarin ya zama mai tsoron ɓarna fiye da ni. Ina gode wa mutanen Bekaji da suka riƙe uwar wani kamar tasu.

Ranar da Malam Bobbo ya kawo Dada ofis yin godiya, na sa babbar riga. Ya sunkuya a kunnenta ya yi mata bayani da ƙarfi cewa ga Injiniyan da ya fito da hotonta. Na gyara tsayuwa. Ta ciro takardar daga ƙullin zaninta ta warware, ta dubi hoton, ta dube ni daga hula har takalmi, ta yi magana da Fillanci. Ina jin Fillanci sarai, amma Adda Asta ta ce sai ta fassara don kowa ya amfana.

"Ta ce an gode. Amma wai ka koma ka koyi aikin da kyau, ka baƙanta ta, kuma ka mayar da ita tsohuwa."